Motar Shitu a Filin Idi

Shitu mai gyaran injin ban ruwa ba shi da ɗaki a Rano, ba shi da shi a Kibiya. Tun shekarar da damina ta kayar da ɗakinsa na Dawaki ya kwance kujerun tsohuwar bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifa a gefe guda, akwatin sifana a ɗaya gefen, ya koma ciki da zama. Masu lambu dama ba sa ɗauko inji su kawo gari. Inda ya mutu, nan ake bin sa.

Gyara bai taɓa gajiyar da shi ba, wurin tsayawa ne ya fito masa da furfura. A tasha kuɗin kwana ɗaya ya kai na tuwon kwana biyu, kuma kowane mako sai sabon mai rasit ya ɓullo. Filin firamare sai an yi hutu. Gonakin da aka girbe kuwa Fulani ake ba wa. Wani manomi ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: "Malam Shitu, saniya in ta kwana taki take bar min. Taka me za ta bari, baƙin mai?"

Shitu ya daɗe da lura cewa masu yawan kiran sa ɗan'uwa ba su taɓa nuna masa ko gindin bishiya ba.

Wanda ya nuna masa shi ne Malam Ubaidullahi, limamin wani ƙauye a bayan Fammar, bayan Shitu ya tayar masa da injin da makanikai biyu suka ce a zubar. Ya kai shi filin Idi. Wuri shararre, ga rijiya kusa, ga darbejiya guda a gabas, daidai inda liman yake tsayawa.

"Duk shekara ba mai taka shi sai awaki," in ji liman. "Amma safiya biyu na jama'a ne, ƙaramar Salla da babba. Ranar da muka zo muka tarar da motar nan, ka nemi wani wurin."

"Ba za ku tarar ba."

Shekara uku ba su tarar ba. Ana jajibiri yake tattara komatsansa, ya share wurin, ya zuba yashi a inda mai ya ɗiga.

A ta huɗu birki ya fara yi masa gardama. Akwai kalandar da wani mai sayar da taki ya ba shi a Rano, ta nuna azumi talatin za a yi. Shitun da ba ya yarda da mutum sai ya ga aikin hannunsa, shi ne ya yarda da takarda. Ranar ashirin da tara ya ɗora motar a kan bulo, ya cire tayoyin baya, ya ba Muntari mai babur ƙarfen birkin ya kai wa mai walda a Rano. Ya haɗa masa da batirin motar a yi caji. Ba rediyo ke nan, wayar ma ta mutu tun la'asar. Labarin ganin wata ya zaga ko'ina, ya tsallake filin Idi.

Har sahur ya yi.

Da hantsi yana kwance a ƙarƙashin mota yana goge-goge sai ya ji kabbara tana matsowa. Ya leƙa, ya ga ƙafafu, duk da sababbin takalma. Ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tarar da gari guda a tsaye, kowa da darduma a kafaɗa. Muntari na ciki, ya sha sabuwar shadda.

"Ina ƙarfena?"

"Baba Shitu, mai walda ma ya tafi Idi. Barka da Salla."

Liman ya dubi motar, ya dubi darbejiyar da ta tare. "Shitu, a cikinta zan ja sallar ko a kan rufin?"

Aka yi dariya. Shitu bai tsaya ba da haƙuri ba, don haƙuri ba ya matsar da mota. Ya mirgino tayoyin, ya ɗaura kowace da noti uku, ya sauke ta daga bulo, ya shiga ya kama sitiyari. "A tura."

Maza suka dubi ƙurar motar, suka dubi rigunansu. Wani alhaji ya ɗora mata yatsa biyu.

"Alhaji, ba gaisawa za ku yi ba. Turawa na ce."

Muntari ya naɗe hannun riga, wasu suka bi. Sai da ta motsa Shitu ya tuna filin gangare ne zuwa yamma, birkin kuma yana Rano. Mutane suka dare, ana janye tabarmi, motar ta ratsa filin a hankali kamar tana duba sahu, har ta je ta kafe hanci a tulin yashi, can ƙarshe inda ake ajiye babura. A sahun baya ya yi salla, ba wanda ya yarda rigarsa ta goge shi.

Bayan huɗuba liman ya tako har wurin. Shitu ya riga ya fara ɗaure katifa.

"Ka faɗa, kun kuma tarar. Ƙarfe na zuwa zan tafi."

"Cewa na yi ka nemi wani wurin. Ga shi ta nema maka da kanta. Nan ba ma salla."

"Nan babu inuwa, Malam."

"Inuwar ce ta kai ka gabana."

Yau shekara biyu yana wurin. Kyauta ne har yanzu, amma da azahar cikin motar kamar tanda, rijiyar kuma ta yi nisa. Darbejiyar tana can gabas, awaki na kwance a ƙarƙashinta. Kalandar bai yar da ita ba. Ya manna ta a gilashin da rana take bugowa, kuma wannan aikin dai tana yin sa.