Littattafan Ba'amurke Uku da Na Warware

Shekarun baya, tun Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba, ni ke zaune a rumfar dukancin da mahaifina ya bar mini a Gumel. Aikinmu gafaka, jakar fatar nan da malamai ke ajiye littafi. Ƙuruciya na ɗibata, gani nake daga Gagarawa har Sule Tankarkar babu mai hannu irina.

Wata rana da hantsi, farkon damina, sai ga wani dogon Bature da tafintansa, mutumin Lakwaja. Tafintan ya ce wannan ba Baturen mulki ba ne, daga wata ƙasa yake wai ita Amurka, zai je Maigatari ya dawo bayan kwana bakwai. Baturen ya zaro littattafai uku duk sun jigata, bayansu ya ɓare, gara ta ci gefe.

"Wannan na addininsa ne, zancen Annabi Isa," in ji tafinta. "Wannan waƙoƙi ne, na mahaifiyarsa da ta rasu. Wannan kuwa labarin mawaƙan ƙasarsu ne. Ya ce ka gyara masa. Amana ce fa, Malam."

Na ce, "An gama."

Da suka tafi na duba, sai tausayi ya kama ni. Wai an ɗinke littafi kamar riga! Mu a wurinmu littafi warƙa-warƙa yake, malami ya zari guda ya ba ɗalibi, in an gama a mayar. Na ce bari in nuna wa bawan Allahn nan yadda ake littafi. Na ɗauki aska na tsinke zaren duka. Na datse gefen da gara ta ci, sama da ƙasa, har da wasu 'yan ƙananan zane da ke kan kowace takarda, waɗanda na ɗauka ado ne. Na daidaita su tsawo ɗaya don gafaka ta yi kyau. Na jera su kashi uku a tabarma a tsakar gida, na ɗora dutse, na tafi sayen jar fata.

Ina kasuwa hadari ya taso. Na sheƙo da gudu, na tarar mahaifiyata ta kwashe su kaf ta zuba a faifai ɗaya.

"Inna! Ai kashi uku ne!"

"Kai, rufa mini baki. Iska ta watsa su har bakin rijiya, ni na bi na tsinto. Takarda ba takarda ba ce?"

Na karɓi faifan, wallahi duk sun gauraye.

Na nufi wurin abokina, malami ne mai karatu sosai. Ya juya takarda, ya sake juyawa, ya ce, "Ina kalmar da ake sawa a gindin shafi, mai nuna wanda ke biye?" Babu. Ya ce, "To ina sama, ina ƙasa?" Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Sai ya ce in yi hankali, tunda akwai sunan Annabi a ciki kada ko ɗaya ta taɓa ƙasa, kuma kada in haɗa su da littattafanmu. Ya ƙara mini nauyi, bai rage komai ba.

Kwana biyar ina wannan aiki. Na yanke shawara: mai gajerun layuka waƙa ce, mai dogaye wa'azi ne, mai hoton masu gemu kuwa na mawaƙan ne. Sai in ɗauko takarda, gabanta dogon layi, bayanta gajere. In ɗauko wata, ga mai gemu, ga waƙa a ƙarƙashinsa. Shi wannan mawaƙi ne ko waliyyinsu? Oho. Har abinci ya fita raina. A ƙarshe na kasa su yadda hannuna ya ba ni, na ɗinka gafaka uku masu kyan gaske.

Ran na bakwai suka dawo. Baturen ya shafa fatar yana murmushi. Ya buɗe, takardu suka zubo masa a cinya. Murmushin ya tafi. Ya duba saman wata takarda, ya duba wata, ya yi magana a hankali.

Tafinta ya dafe kai. "Malam, ina lambobin? Zanen da ke sama, su ne ƙirgen shafi!"

Na nuna masa kwandon da na zuba datsin.

Na jira zagi, bai zo ba, kuma da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mutumin nan ya tuɓe takalmi ya zauna a zaurenmu, kwana uku yana zuwa yana jerawa. Wani lokaci ya karanta da ƙarfi, muryarsa na hawa da sauka. Sau ɗaya na ga ya share ido. Na sa tafinta ya tambaye shi, wannan addu'a ce ko waƙa? Ya daɗe yana kallon takardar. Amsar da aka ba ni ita ce, shi ma ya kasa tunawa daga wane littafi ta fito.

Guda tara suka rage bai san wurinsu ba. Ya miƙo mini, ya ce in riƙe, zai wuce Damagaram, in ya dawo wataƙila ya tuna. Bai dawo ba.

Har yau ban gane ba, yafe mini ya yi ko hukunci ya bar mini. Abin da na sani, tun daga ranar ban ƙara sa aska a kayan wani ba sai na tambaya, kuma na daina cewa "an gama" kafin a fara. Takardun suna nan a saman bango cikin tsumma. Da na tsufa, jikata da ta zama malamar makaranta ta matsa sai ta karanta mini. Na sauko da su, ina cewa yau zan ji abin da na yi shekaru ina gadi. Ta karanta, ta juya, ta sake karantawa.

"Kaka, wani ne ke roƙon wani kada ya bar shi."

"Wa yake roƙo? Ubangiji ko mace?"

"Ban sani ba. Farkon ba ya nan."