Na Tsaya a Zaure da Littafi a Hannu

Edita, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni akawu ne a wani ofishi a Zariya, saurayi mai keke da bakin da ba ya rufuwa. Ko gawa aka ajiye min sai na sa ta murmusa. Har yau da furfura ta fara cin kaina, matata na cewa ranar da na yi shiru za ta kira likita. To, wannan bakin ne ya jawo min abin da nake kuka da shi.

Mu Kiristocin Wusasa ne. Yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ita ta koya wa rabin matan ikilisiyarmu karatu. Kowace Alhamis sai ta ɗauki Littafi Mai Tsarki da sandarta ta shiga birni, wajen wasu tsofaffin mata Kiristoci su huɗu da mazansu suka rasu, suka koma gidajen danginsu Musulmi a Kwarbai da Limancin Kona. Masu gidajen ba su taɓa hana ta ba. Malama suke ce mata, ta yi sallama ta wuce har ƙuryar ɗaki.

Da zaɓen dattawan ikilisiya ya zo, wani tsohon malamin makaranta ya kawo sunanta, ya ce aikin ai ita ke yi, sunan kawai ya rage. Ni kuwa kujerar nake so kamar in mutu. Sai na zare mayafin tebur na yafa, na kwaikwayi ɗingishinta da muryarta, na ce in Gwaggo ta shiga majalisa da tsadar daddawa za a riƙa buɗe taro. Dariyar da aka yi, na rantse an ji ta a Tudun Jukun. Sunanta ya bi dariyar ya tafi. Tana zaune a bencin mata, hannunta bisa sanda, tana kallona.

Ni aka zaɓa. Majalisa ta ce daga yanzu ziyarar marasa lafiya aikin dattijo ne, aka ɗora min. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta miƙo min Littafinta, ta ce in kula, bangon ya saki. Bayan sati biyu ta koma ƙauye wajen 'yarta.

Da damina aka aiko cewa ɗaya daga cikin tsofaffin, ta Kwarbai, na jin jiki, tana neman mai yi mata karatu. Na buga keke na je da kwat ɗina, kamar gwamna. Mai gidan, wani Alhaji maɗinki, ya shimfiɗa min tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Da na miƙe zan shiga, ya ce in yi haƙuri, gidan na matan aure ne, namiji ba ya wuce nan. Ya tambaye ni ina Malama, don tun jiya yayarsa ita take kira. Ni da aka haifa a Zariya, ko sau ɗaya ban tuna da wannan ba ranar da nake yafa mayafi. Na ɗaga murya na yi karatu daga zauren, ruwa na dukan kwano, ban san ko ta ji ba. Kafin in nemo wata mace daga Wusasa, tsohuwar ta cika.

Na je ƙauye na durƙusa gaban Gwaggo. Ta ce ta yafe tun ranar, har ta ce ɗingishin na yi shi daidai. Sannan ta tambaye ni wa ke shiga wa sauran ukun. Babu mai shiga. Ƙafarta ta riga ta ƙi, ba ta sake ganin birni ba.

Masu baki irin nawa, ku ji. Kafin ku yi wa mace dariya don an ambaci sunanta a shugabanci, ku tambaya wace ƙofa take shiga da ku ba za ku iya ba. Littafin yana nan wurina, ban gyara bangon ba.