Rumbun Baba Ango ya kai shi

Baba Ango ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin tasha a kan babur ina jiran fasinja. Ƙanin matata ne ya hau dutse inda sabis ke kamawa ya kira ni. Na kashe mashin, na daɗe zaune a kansa.

Surukina ne, mahaifin matata Rahila.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma akwai wani sanyi a raina, bari in gaya muku dalili.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba ne: a wajenmu saurayi kan yi golmo, wato ya tara abokansa su yi ta yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Ni ma na yi wa Baba. Lokacin muna ji da ƙarfi, kafin rana ta take mun share gonarsa.

'Yan'uwansa suka dame shi: tunda ka samu samari irin waɗannan, ka sa su sare dajin bayan dutse, ka ƙara rumbu.

Wata rana ya kawo mana kunu gona da kansa, ya zauna a kan kututture ya ce, “Danjuma, bana ce ta ƙarshe. Ka turo iyayenka.”

Na ce, “Baba, ai da saura.”

Ya ce, “Saura mi? Rumbu biyu gare ni, duk sun cika. Na ukun gara zan ciyar?”

Ƙaninsa ya yi fushi sosai. A gabana ya ce masa, “Ranar da ƙarfinka ya ƙare, kar ka zo mana da ƙwarya.”

Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Saboda ni ya bar noman da yake haƙƙinsa. In tsufa ya kama shi babu hatsi, da wane ido zan kalle shi?

Kuma ba ya yarda a taimaka. In na ɗaura masa shinkafa a babur na kai, sai in iske ta riga ni dawowa gidana a Rikoto a kan wani yaro, wai a dafa wa jikokinsa. In na gan shi a hanyar kasuwa na tsaya, sai ya ce, “Ɗauki mai biya, ƙafata ba ta shan fetur.”

Aljihunsa kuwa bai rabo da gyaɗa saboda yara.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, abin da aka noma kaɗan ne. Ga shi yanzu tsakiyar damina, lokacin da rumbu ke nuna gindinsa. Kullum da wannan tunani nake tuƙi.

Makon jiya na je gaishe shi bayan an taso coci. Ya rame, amma idonsa garau. Ya kama ni ina satar kallon rumbu.

Ya ce, “Hau ka leƙa. Na san abin da ke cin ka.”

Na ji kunya, amma na hau. Na ɗaga jinka na leƙa.

Daga tabarma ya ɗaga murya, “Dawar ta kai kaka?”

Na ce, “Ta kai, Baba, har da ta baƙi.”

Ya yi dariya har da tari. “To ka daina kallona kamar maraya. Sauko kar ka karya mini tsani.”

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Ɗazu na sake kiran ƙanin matata na tambaye shi me zan taho da shi na abincin masu gaisuwa. Ya ce Mama ta ce kar in sayo komai, an riga an kai dawarsa inji.

A nan na sauke numfashin da na daɗe ina riƙewa.

Ya Ubangiji, bawanka bai roƙe ka da yawa ba, kuma ba ka bar shi ya rasa ba. Ka ba shi hutu a wurinka, ka ta'azantar da Mama da Rahila, mu kuma ka koya mana sanin inda abu ya isa.

Duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, don Allah ya sa shi a addu'a.