Fiton da Surukina Bai Ji Ba

Motar da na fara mallaka ta hannu ce, ta ga jiya ta ga yau, amma ina ji da ita fiye da kima. A lokacin ina koyarwa a Safana. Wata ranar damina, ina dawowa daga suna a Tsaskiya, sai injin ya soma wani siririn fito. In na tsaya, ya yi ta yi. In na taka totur, ya ɓace. Matata ta ce motar ta samu sabuwar sana'a, saura mu nema mata shanun da za ta kora.

Malaman makarantarmu, waɗanda rabinsu ko keke ba su da shi, kowa ya zama masani. Wani ya ce fanbel ne, wani ya ce in wuce Katsina a jona mata na'ura. Ni kuwa ba ni da wannan zaɓi, domin mahaifin matata bakanike ne a Batsari. Ka bi ta ƙofar garejin surukinka da mota mai ciwo ka kai wa wani? Ba da ni ba.

Da kunne aka san shi. Yana da wata doguwar sukudireba da yakan ɗora bakinta a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi ciwon. Direbobin bas na hanyar Katsina ba sa musu da shi. Ni kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, in ban da gaisuwa a durƙushe babu abin da ke haɗa mu.

Kuskurena shi ne zuwa ranar kasuwa. Bencin garejin cike yake da direbobi. Bayan mun gaisa, ya ce in tayar. Fiton ya tashi tar, har wani mai nama da ke wucewa ya waiwayo. Baba ya kara sukudirebarsa nan, ya kara can, ya lumshe ido. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, injin nan lafiyarsa lau. Ban ji komai ba."

Na ga direbobi biyu sun kalli juna, ɗaya ya sunkuyar da kai. A take na gane: kunnen Baba ya soma tafiya, kuma a gaban masu ba shi aiki abin ya fito fili. Raina ya ɓaci, da kaina nake fushi. Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma," na ja motata tana fito har Safana.

Washegari da hantsi ina wanke mota a ƙofar gida, sai ga Baba a kan babur ɗinsa. Bai taɓa zuwa gidana ba sai da dalilin suna ko rashin lafiya. Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

"Buɗe bonet," ya ce. Na buɗe, na tayar. Ya daɗe yana kallon injin. "Yana yi yanzu?"

"Yana yi, Baba."

"Yi mini irinsa da bakinka. Matso kusa."

Fito a gaban suruki! Tun muna yara ake kwaɓar mu a kan yin fito gaban manya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na matsa dab da kunnensa, na tsuke baki na yi. Ba sauti yake bi ba, bakina yake kallo.

"Siriri ke nan. In ka ba ta wuta yana ɗaukewa?"

Na ce e. Ya kama murfin da ake zuba baƙin mai, ya murɗa, murfin ya ƙi tasowa sai da ya sa ƙarfi. Yana cire shi fiton ya mutu, injin ya shiga rawa.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba."

Ya ɗora tafin hannunsa a bakin ramin, na ga yadda iska ta zuƙe fatar. Ya gyaɗa kai. Ya ce in kashe, ya bi wani ɗan tiyo a saman injin, ya zaro wani abu da bai wuce babban yatsa ba, duk ya yi baƙi da dauɗa.

"Ta nan injin ke numfashi," in ji shi. "Hayaƙin da ke taruwa a cikinsa, wannan bawul ɗin ke fitar da shi kaɗan-kaɗan. In ya maƙale a buɗe, sai ya yi ta zuƙa ba ƙaƙƙautawa, iska ta nemi kowace kafa ta shiga. Fiton ke nan. Ka bar shi, ya cinye maka robobi, mai ya fara yoyo."

Ya girgiza bawul ɗin a kunnensa, irin na sabo, sai ya tsaya. Ya miƙo mini. "Kai girgiza. Mai lafiya yana ƙaras-ƙaras."

Na girgiza, shiru. Ya wanke shi da fetur a gwangwani, ya sake girgizawa, wannan karon a tsakanin yatsunsa, yana jin motsin da fata. Ya mayar, na tayar, injin ya kwanta luf.

Yana goge hannu da tsumma, bai dube ni ba, ya ce, "Jiya kowa ya ji, ko?"

Na so in yi ƙarya. Wallahi na so. Amma mutumin da ya taso tun daga Batsari don ya ji gaskiya bai cancanci ƙarya ba.

"Kowa ya ji, Baba."

Ya ce, "Tun bara nake zargi. Jiya da na ga fuskokinsu na tabbata." Ya ninke tsumman. "To, hannu dai yana nan."

Tausayinsa ya kama ni. Ya hau babur, ya juya kansa zuwa hanyar Batsari. Sai 'yata, 'yar shekara huɗu, wadda yake tsokana yana ce mata uwargida, ta fito zaure da gudu tana kira da 'yar siririyar muryarta, "Kaka! Kaka!"

Bai waiwayo ba. Ta sake kira, yana ta neman tayar da babur. Na ga bakinta ya fara rawa za ta yi kuka.

Shekara bakwai ina surukinsa ban taɓa kai hannu jikinsa ba. Ranar na dafa kafaɗarsa, na nuna masa ita.