Wutsiyar Doka: Ta'aziyyar Malam Ja'afaru Akawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1970, ina shanyar kuɓewa a Saulawa aka aiko cewa Malam Ja'afaru, akawun ofis a Ikara, ya cika da hantsi. Na zauna a bakin turmi, na daɗe ban tashi ba.

Malam, ni ce Rahamatu, wadda ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci da furfura a ka. Duk dokar da gwamnatin jiha ta aiko daga Kaduna da Turanci take zuwa, a liƙa ta cikin allo mai gilashi, a kulle. Kai ne kake zama ka juya ta Hausa da manyan baƙaƙe, ka kafa a jikin ƙofa, ƙasa-ƙasa, inda gajeru irina za su gani. Ranar kasuwar Makarfi kuma ka hau keke ka je ka karanta wa jama'a. Ba wanda ya sa ka.

Ban manta shekarar da aka kai ɗana Mamuda ƙara ba, wai wa'adin ƙone karan auduga ya wuce bai tuge nasa ba, alhali yana kwance da ciwon ƙirji. Na tako har ofis, na haɗa baƙaƙen da yatsa, na ga "an hana", na ga "hukunci", sai na fashe da kuka. Ka fito ka tambayi inda na tsaya, na nuna maka.

Ka ce, "Inna, doka wutsiya gare ta. Ki bi ta har ki iske *sai dai*."

Na bi. Layi na ƙarshe ya ce sai dai majinyacin da mai unguwa ya shaida, a ƙara masa mako biyu. Mai unguwa ya shaida, a gida Mamuda ya kwana ranar.

Yanzu ga wata takardar a cikin gilashi, kan gonakin fadama da gwamnati za ta auna. An ce an ba da kwana talatin kafin a fara awon, sha ɗaya sun tafi, kuma fadamar nan ita ke ciyar da Mamuda da 'ya'yansa biyar. Sau uku ina zuwa, ana ce mini sai an turo sabon akawu. Ƙafafuna sun gaji, Malam.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka Lantana ta miƙo mini takardar da ta samu a aljihun rigarka. Fassarar takardar fadamar ce, ka fara ba ka gama ba. Na bi ta da yatsa har ƙasa, yadda ka koya mini. Rubutun ya tsaya a kan "sai dai idan". Tana cikin adikona, gobe zan nemi mai ƙarasa ta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Lantana da yara, Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.