Shaidar da na bayar a Hindawiyya

Ni mutum ne mai tsoron alhaki, ko alwala sai na maimaita. Shekarar da aka buɗe wa 'yan ƙasarmu rumfar zaɓe a Jidda, na bi maƙwabta gida-gida a unguwarmu ta Hindawiyya da ke Makka ina roƙonsu su zaɓi ɗan takarar da ya yi alkawarin ɗaukar ungozoma a asibitocin ƙauye. Ƙanwata a hanyar birni ta rasu tana naƙuda. Har na ce musu, "Na shaide shi."

Ya ci zaɓe. Bayan shekara aka ce ba za a ɗauki kowa aiki ba, wai ƙungiyar ƙasashen da muke kuɗi ɗaya da su ta sa wa gwamnati iyakar abin da za ta kashe.

Na kasa cin abinci. Gani nake shaidar zur na yi, kuma a Makka. Na sake bin gidajen ina neman gafara. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, kai ka hana? Je ka nemi mai laifin."

A ƙofarta na aika wa ɗan majalisar da na shaida ɗin saƙon murya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga hoton mutanen ƙungiyar nan a takardar zaɓe ba. Ko ku kawo ungozomar, ko ku sa sunayensu mu kayar da su." Bai amsa ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai na sake aika masa.