Inda Kunnen Yaya Ya Tsaya

Yayana mai gyaran lasifika ne, kuma tun ina ƙarama kunnensa ne ma'auninsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, kullum cikin warin dalma. Sai ya kara kunne a jikin lasifika, ya lumshe ido, ya ce takardarta ce ta tsage. A buɗe, a tarar haka ne. Wannan ya sa masa taurin kai, ba ka isa ka yi masa gyara ba.

Bara sai aka fara dawo masa da aikin da ya gyara. Mai ba da hayar kayan sauti, wanda rabin aikin shagon nasa ne, ya dawo da lasifika yana cewa tana wani siririn tsuwa. Yaya ya rantse lafiyarta ƙalau. Mutumin ya ce in aka sake, zai koma wani shagon. Matar Yaya ce ta tsegunta min, don shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ni malamar kimiyya ce. Na haɗa sautin gwaji a kwamfuta, mai farawa da kauri kamar gurnani, yana sirancewa a hankali. Makirufo na ɗaukar abin da lasifikar ta fitar, kwamfuta kuma tana zana layin da ke nuna yadda saurin kaɗawar sautin ke ƙaruwa da tafiyar lokaci. In lasifika lafiyayya ce, layin zai hau sumul. Na ɗauki kwamfutar na kai shagonsa, don mu gwada lasifikar da aka dawo da ita.

"Wato wasan 'yan makaranta kika kawo min," in ji shi.

Muka kunna. Layin bai yi nisa ba ya miƙa hannu ya kashe.

"Me ya sa ka kashe, Yaya?"

"Ai ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Bari mu sake, kada ka taɓa."

Muka sake. Daidai wurin nan ya ɗago kai alamar an gama, ni kuwa ina toshe kunnuwa don tsinin ƙarar. Ya dube ni, ya dubi allon. Layin na ta hawa, shi ba ya jin komai. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Can sama sai layin ya tarwatse, ya yi kaca-kaca. Yaya ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana kallo.

"Ƙaramar lasifikar sama ce," ya ce a hankali. Ya kwance ta, ga waya ta saki. Ya liƙe ta da dalma, muka sake gwadawa, layin ya hau har ƙarshe ba gargada.

Ya zauna yana goge hannu da tsumma.

"Auta, gobe ki raka ni a duba kunnen nan," ya ce. "Amma yau zauna ki koya min karanta layin. Ban shirya rufe shago ba tukuna."